Sunan da Mai Sanarwa Ya Kasa Faɗa

Duk wanda ya taɓa yin sujadar Lahadi a Gidan Tanko, ƙauyen da ke mil bakwai kudu da Malumfashi, ya san muryar Malam Bature. Shekara talatin da huɗu ke nan yana riƙe da littafin sanarwa na cocin. Ba a taɓa saya masa lasifika ba, don ba a ga amfaninta ba. In ya miƙe bayan wa'azi ya gyara murya, har matan da ke tuyar ƙosai a gindin ɗorawa sukan ji wa aka haifa, wa ke kwance, gonar wa za a yi wa gayya ranar Laraba. Suna cikakke yake kira, da na uba da na kaka, ba ya gutsurewa, ba ya haɗiye harafi. Ko baƙo ne daga kudu, sai ya tare shi a bakin ƙofa ya tambaye shi sau biyu, ya rubuta yadda zai fito daidai.

Suna ɗaya ne ba a taɓa jin ya fito daga bakinsa ba, shi ne na ɗiyarsa ta fari. A kan wannan sunan ne ya ɗauki wata kunya shekara talatin cif, yana ɓoye ta cikin gwangwani.

An haife shi ranar Talata cikin daminar 1961, shi ya sa aka ce masa Bature. Mahaifinsa manomin auduga ne, a kan addinin kakanni ya rayu, a kansa ya mutu. Mahaifiyarsa kuwa sunanta Barakatu. Wani malami maƙwabcin ubanta ne ya raɗa mata shi, ya kuma bi ta har tsufa, ko da yake ita ma tafarkin kakannin take bi. Bature ya yi aji huɗu a firamare, ya karɓi baftisma yana ɗan shekara goma sha takwas. Ya gaji eka shida da shanun huɗa biyu, yana noma masara da waken suya da 'yar auduga kaɗan.

Da yana saurayi akwai shi da zafi a kan sabon tafarki. Kowa ya san a ƙasar nan uba ba ya kiran sunan ɗan fari, uwa ma ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Wata rana a taron maza Bature ya miƙe ya ce wannan ɓoye-ɓoye na duhu ne.

Ya ce, "Mu da muka ga haske, uba ya ɗauki ɗansa a gaban jama'a, ya kira sunansa kowa ya ji. Ni dai haka zan yi."

Dattawa suka yi ta dariya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Bari ka haihu tukuna, Bature."

Ya auri Lauratu a 1991. Ranar 2 ga Oktoba 1993 ta haifi ɗiya mace. Kafin kwana bakwai kowa a gidan baƙuwa yake ce mata, kamar yadda ake ce wa duk jaririyar da ba a raɗa wa suna ba. Bature ya yanke shawarar ya yi wa uwarsa takwara. Ranar suna Maitama, katikis na cocin, wato malamin da ke kula da ikilisiyar in babu Rabaran, shi ya faɗi sunan a zaure. Tsohuwa ta ji daɗi har ta taka rawa. A ranar ta ce abin da ba wanda ya zaci zai ji daga bakinta.

Ta ce, "Ranar da za a zuba mata ruwan nan naku, zan zo in ji yadda ake kiran sunana a ɗakin Allahnku."

Shekara goma sha huɗu Bature yana roƙon ta taka ƙofar coci ko sau ɗaya.

An sa baftisma ranar Lahadi 14 ga Nuwamba. Cocin Gidan Tanko ba shi da Rabaran zaunanne. Daga Malumfashi yake zuwa a kan babur sau ɗaya cikin wata uku, ya tarar da jarirai sun taru. A wannan karo sabo aka turo, Rabaran Obioma, mutumin kudu mai fara'a, amma Hausarsa ba ta wuce ta wata biyar ba. A ka'ida Maitama ne ke rubuta sunayen jarirai a takarda, ya tsaya a gefen Rabaran yana raɗa masa. Sai ga kurkunu ta kwantar da Maitama. Aikin ya faɗo kan mai sanarwa.

Jarirai goma sha ɗaya ne. Bature ya rubuta goma da kyakkyawan rubutu. Da ya zo kan ta goma sha ɗaya ya sa lamba, ya bar gabanta fili. Ya ce a ransa wannan da baki zai faɗe shi, dattawan da suka yi masa dariya su ji da kunnensu.

Aka ɗora farar tasa da ruwa a kan tebur. Matan zumunta suna ta kaɗa tulu suna waƙa, jarirai goma da aka riga aka jiƙa wa kai suna tsala kuka. Tsohuwa na zaune a bencin gaba cikin sabon zane, tsakaninta da teburin bai fi taku biyu ba. Hajo, matar wan Bature, ita ce uwar baftisma, ita ke rungume da jaririyar.

Rabaran ya duba takarda ya ga fili. Ya dubi Hajo ya ce, "Wannan, yaya suna?"

Hajo ta sunkuyar da kai. Sunan uwar mijinta ne, ga ta nan zaune tana kallo. Ya dubi Lauratu. Lauratu ta ja mayafi ta rufe baki, ita da abin ya haɗu mata biyu, ɗiyar fari da uwar miji. Ba wanda ya yi wannan lissafin tun a gida. Sai duk suka juya ga Bature.

"Baba na yarinya, suna?"

Bature ya buɗe baki. Ya ga idon uwarsa a kansa. Tun da ya iya magana bai taɓa furta wannan suna ba, ko a ɗaki shi kaɗai. Ya ji harshensa ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Ya so ya ɗan ja lokaci ne kawai, numfashi ɗaya, kafin ya tattaro ƙarfi.

Ya ce, "Ai ita ce dai. Baƙuwar tamu ce."

Rabaran ya kara kunne. "Eh?"

Mai sanarwa in an ce masa ba a ji ba, bai san wani abu ba sai maimaitawa. Bakinsa ya riga tunaninsa.

"Baƙuwa."

Rabaran ya yi murmushi ya ce suna mai kyau. Ya ɗebi ruwa. "Bakuwa, ina yi miki baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Sau uku ruwan ya sauka. Mata suka rangaɗa guɗa. Saboda tulu da kukan jarirai, na baya ba su ji komai ba. Ban da Rabaran, mutum huɗu ne suka ji sunan da aka faɗa: Bature, Lauratu, Hajo da tsohuwa.

Aka tashi daga coci. A kan hanyar gida, daidai gefen gonar auduga, tsohuwa ta tsaya ta jira shi.

"Bature."

"Na'am, Inna."

"Ba kai ka ce mini a ɗakin nan naku in an zuba wa yaro ruwa ya zama ɗan gida ba?"

"Haka ne, Inna."

"To, na ji abin da aka ce da ita. Ashe ni da ita duk baƙi ne a can."

Ta gyara zanenta ta wuce. Ba ta sake taka ƙofar coci ba har ta rasu a 1998.

Katin baftisma ya zo cikin watan Fabrairu, kore, da hatimi, an rubuta Bakuwa Bature. Shi ne mai raba katunan. Ya raba goma, ya sa na goma sha ɗaya cikin gwangwanin madara, ya tura shi can ƙarƙashin jinkar rumbun iri.

Ba za a ce bai sami damar gyarawa ba. Rabaran Obioma ya ƙara shekara biyu a Malumfashi, ya zo Gidan Tanko sau takwas, kuma duk zuwa Bature ne ke karɓar masa jaka daga kan babur. Sau takwas yana shirya maganar a kan hanya, sau takwas yana ƙarewa da tambayar lafiyar iyali. Gyaran littafin baftisma sai a gaban dattawan ikilisiya, dattawan kuwa su ne waɗanda suka ce bari ka haihu. Da aka canja Rabaran ya ce sai na gaba ya zo. Da na gaba ya zo, ya ga shekara ta yi nisa, za a tambaye shi me ya hana tun farko.

Yarinya ta girma ba ta san komai ba. Kakarta na ce mata Takwara, sauran gida na ce mata Iya, a makaranta ita ce Barakatu Bature. Shi kuwa ba shi da abin kiranta sai "ke", in yana maganarta da wani ya ce "yarinyar nan". Ba ƙi ba ne. Shi ya saya mata keke tun ba wata yarinya mai keke a ƙauyen, shi ya sayar da sa guda lokacin da ta sami kwalejin horon malamai. Amma duk Lahadi tana zaune tana jin yadda yake rangaɗa sunayen ƙawayenta, har da na kakanninsu. Da ta ci jarrabawa, ranar ya ba wani littafin ya ce haƙori na damunsa. Da aka zo sanarwar aurenta, Lahadi uku a jere mura ta kama shi, cikin watan Afrilu da ake zufa ko a inuwa.

Lokacin ɗora mata hannu, wato tabbatar da ita cikakkiyar 'yar ikilisiya, da lokacin aure an nemi kati. Bature ya ce zai duba. Maitama ya ce ba sai an duba ba, shi shaida ne, ai yarinyar a hannunsa ta tashi. Maitama bai san komai ba, gaskiyarsa ya faɗa. Ya rasu a 2021. Hajo ta riga shi da shekara shida.

Barakatu na koyarwa a wata firamare a Funtua. Mijinta Ifechukwu ɗan 'yan kasuwar kudu ne amma haihuwar Funtua, yana da shagon iri da maganin feshi, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano ya yi masa reno. A watan Satumba 2023 suka sami ɗiya mace. Da suka je a sa musu ranar baftisma, Rabaran ɗin cocinsu, wani matashi mai bin ka'ida, ya ce kowanne ya kawo katinsa. Ifechukwu ya kawo nasa washegari, an ma lulluɓe shi da roba. Barakatu ta buga wa ubanta waya.

Ya ce, "Kati? Ai gara ta cinye shi tuntuni."

Ta ce ba komai, za ta je Malumfashi a duba babban littafi. Ya ce to. Da ya ajiye wayar ya daɗe zaune a kan turmi.

Ranar Litinin 20 ga Nuwamba, da rana tsaka, yana bugun waken suya a bayan gida sai ga ta a kan ɗan acaɓa.

"Baba, sannu da aiki."

"Yauwa. Ke ce cikin ranar nan? Ina jaririyar?"

"Tana wajen kakarta. Baba, wace ce Baƙuwa?"

Sandar ta tsaya a sama. Ta miƙo masa waya, ga hoton shafin littafi, takardar ta yi ja don tsufa.

"Magatakarda ya duba shekara uku gaba da baya, babu Barakatu. Sai wannan. Lamba ta goma sha ɗaya. Uba, Bature Tanko. Uwa, Lauratu. Ko kun haifi wata ne kuka ɓoye mini?"

Lauratu na bakin ƙofa da faifai a hannu. Ta ce, "Tambayi mai murya."

Ya tsura wa ɓawon wake ido.

Barakatu ta ce, "Rabaran ɗinmu na Funtua ya ce ba ya aiki da zato. Ko dai wanda ya ga abin da idonsa ya zo ranar Alhamis ya ba da shaida, ko kuwa ranar Lahadi a fara zuba mini ruwa kafin jaririyata, a ce in ba a taɓa yi mini ba ga shi an yi. A gaban dangin mijina, Baba. Shekara goma sha biyar ina cin jibin Ubangiji, abin da sai mai baftisma ke ci. Surukata har ta fara tambaya, wai dama ku a ƙauye da gaske ake yi muku?"

"Ki sha ruwa mana," in ji shi.

"Na sha a hanya."

Ta gaishe da uwarta, ta hau babur ɗin da ya kawo ta.

Da ƙurar babur ta kwanta ya dubi Lauratu. "Ke ma ai kina wurin. Ki je mana."

"Ni? Malam, ni ban taɓa miƙewa a gaban maza na ce zan iya ba. Kunyata a fili na yi ta, kowa ya san ni da ita. Kai ne ka ce an ga haske."

"Shekara talatin ba ki taɓa tayar da maganar ba."

"Jira nake ka warke daga murar."

Ya ɗauko tsani ya hau rumbun iri. Gwangwanin ya yi tsatsa har sai da ya sa wuƙa. Katin na nan lafiya lau, ko gefensa gara ba ta taɓa ba.

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa ta sanarwa, ya shiga motar Funtua. A tasha ya ƙi hawa keke, ya taka da ƙafa har coci, wai don ya shirya magana. Ya isa ƙarfe goma sha ɗaya saura, ba abin da ya shirya.

Ofishin ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka na juyawa a sama tana ƙara. Rabaran ya miƙe ya ba shi kujera. Barakatu na gefe da jaririya a kafaɗa. Ifechukwu ya durƙusa ya gaishe shi.

"Ifechukwu, yaya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, Baba. Kun ga, Rabaran? Ko 'yan uwana ba su iya kiran sunana kamar Baba ba. Wasu Ifecuku, wasu Cukwu kawai. Shi kuwa sai ka ce a ƙauyenmu aka haife shi."

Da wasa ya faɗa, don ya sassauta ɗakin. Ba wanda ya yi dariya. Ifechukwu ya gane inda maganar ta faɗa, ya koma ya tsaya jikin bango.

Bature ya zaro katin ya ajiye a kan tebur da hannu biyu.

Barakatu ta ce, "Wannan ne gara ta cinye?"

"Shi ne."

Daga nan ya ba da labarin tun daga taron maza. Bai tsallake komai ba, har filin da ya bari a takarda, har maganar tsohuwa a gefen gona, har zuwan Rabaran Obioma sau takwas. Duk inda sunan ya kamata ya fito sai ya ce "sunan Inna". Kansa na ƙasa, hularsa na kan gwiwa. Da ya gama ya ɗago kaɗan.

"Ranka ya daɗe, abu ɗaya nake so in sani. Baftismar nan ta kama kuwa? Shekara talatin ina tsoron ko an yi ta ne a kan wata da babu ita, tawa kuma tana waje."

Rabaran ya ce, "Baba, ruwan a kan wa ya sauka?"

"A kanta."

"Cikin sunan wa?"

"Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki."

"To, sunan da ke ɗauke da aikin ke nan, shi kuwa ba a kuskure shi ba. Allah bai jira an gabatar masa da ita ba, ya san ta tun tana ciki. Ta kama, Baba. Ba za a sake ba."

Bature ya sauke numfashi har kafaɗunsa suka faɗi.

Rabaran ya ci gaba. "Sunan yaro da muke tambaya, don mu ne. Jariri bai yi aikin komai ba, bai san komai ba, haka nan ake karɓarsa kyauta. Amma ba ya iya cewa ga ni. A ranar ba shi da baki sai na iyayensa. Su ne ke cewa ga wance, tamu ce, ku karɓe ta ta zama taku."

Bai faɗa da nufin suka ba, abin da yake gaya wa duk iyaye ne. Amma Bature ya ji kamar an kware masa riga a tsakiyar kasuwa. Bakinsa da ya yi wa ƙauye guda aiki, rana ɗaya tak ɗiyarsa ta are shi.

Rabaran ya turo masa takarda da biro. "Ku rubuta cewa mai wannan kati ita ce wannan, ku sa hannu. Ya wadatar. Na san al'adar, ba zan matsa muku ba."

Bature ya kai hannu da sauri. Barakatu ta rigaye shi, ta ɗora tafinta a kan takardar.

"A'a, Rabaran. Ku yi haƙuri."

"Malama, ka'ida ta yarda da rubutu."

"Ni ban yarda ba. Ba a rubuce aka tambaye shi ba ranar. Da baki aka tambaye shi." Ta juyo, idonta ya cika. "Baba, ban ce ku riƙa kirana a tsakar gida ba. Na san ba ƙina kuke yi ba, na san har sa kuka sayar saboda ni. Sau ɗaya kawai. Tambayar nan tana nan tun 1993 ba a amsa ta ba."

Ifechukwu ya ce, "Maman bebi, ki bar Baba mana."

"Kai, naka katin har da roba. Yi shiru."

Bature ya dubi takardar, ya dubi ƙofa. Sannan ya sa hularsa ya miƙe tsaye, don bai iya faɗin suna a zaune ba. Ya haɗa hannuwa a baya ya gyara murya.

"Jama'a," in ji shi, ga mutum uku da jaririya. Ya tsaya. Ya sake farawa. "Wadda aka rubuta Baƙuwa a lamba ta goma sha ɗaya, ranar 14 ga Nuwamba 1993, ɗiyata ce ta fari. Ba sunanta ba ne. Ni na jawo. Sunanta..."

Fanka ta yi ta juyawa. Sai ya ga kamar ga bencin gaba, ga sabon zane, ga tsohuwa ta karkato kunne. Leɓunansa suka motsa. Wani abu ya fito, amma ƙarar fanka ta fi shi.

Rabaran ya kara kunne, da zuciya ɗaya. "Ban ji ba, Baba."

Mai sanarwa in an ce masa ba a ji ba, bai san wani abu ba sai maimaitawa.

"Barakatu Bature Tanko!"

Muryar ta cika ofishin ta fita ta taga, har mai sharar harabar ya tsaya. Jaririya ta firgita ta fashe da kuka.

"Na'am," in ji Barakatu.

Ba ta shirya ba, fita kawai ya yi. Ta toshe bakinta da hannu. Shi kuwa ya koma kan kujera ya rufe fuska da hula, bai cire ba har Rabaran ya gama rubutu ya buga hatimi. Aka yi wasiƙa zuwa Malumfashi a gyara gefen littafi da jan biro. Da za su tashi Bature ya kai hannu zai ɗauki katin, da ya saba. Ta ce a'a, nata ne, ta sa a jaka.

Ranar Lahadi 26 ga wata aka yi wa jaririya baftisma, ita kaɗai, ba a zuba wa uwar ko ɗigo ba. An sa mata Chidinma, sunan uwar mijin. Da Rabaran ya tambaya, uba da uwa suka faɗa tare. An keɓe wa Malam Bature kujera a gaba, amma a bencin baya ya zauna kusa da ƙofa. Ana tashi ya ce waken suya na jiransa a fili, ko shinkafar biki bai tsaya ci ba.

Har yau shi ke riƙe da littafin sanarwa a Gidan Tanko. In ɗiyarsa ta kira waya, "ke" ɗin nan dai yake ce mata, ita ma ba ta sake nema ba. Lauratu ta ce bayan dawowarsa daga Funtua ta gan shi da hantsi tsaye a gindin marken da aka binne tsohuwa, hula a hannu, ya kai kusan rabin awa. Ba ta matsa ta ji ko ya yi magana ba.

A littafin sanarwa, shafin 3 ga Disamba 2023, abu na huɗu, akwai labarin baftismar jikarsa. Sunan uwar jaririyar na nan cikakke da rubutun hannunsa, ba fili. Waɗanda ke cocin ranar sun ce ya karanta shi, amma da gudu, idonsa manne da takarda, kuma shi ne suna na farko cikin shekara talatin da huɗu da suka ji ya haɗiye wa harafi. Cikin dattawan taron maza saura mutum ɗaya da rai, yana zaune a gaba da sandarsa. Ya ɗaga murya ya ce, "Ba mu ji ba, Bature!"

Coci ya ɗauki dariya. Malam Bature ya sunkuyar da kai, ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya shiga sanarwar gayya.